Yadda aka biya ni diyyar wuyana a Landan

A lokacin sanyin da ya wuce wata mota ta daki tawa ta baya ina tsaye a danja, har wuyana ya ƙage. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin matar da ke tuƙin, domin ko sannu ba ta ce mini ba, sai ta ɗauki hoton motocin biyu da wayarta, ta miƙo mini takarda mai sunanta da adireshinta da sunan kamfanin inshorarta, ta kama gabanta. Na kwana ina jin haushinta, kafin wani abokin aikina ya fahimtar da ni cewa kamfanonin ne ke gargaɗin direbobi kada su amsa laifi a wurin haɗari.

Da a gida ne, da dattawa sun cika ɗakina suna ba da haƙuri, ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ni kuma kunya ta sa in ce na yafe, sannan in koma ina cin bashi don jinya. Muna biyan naira 15,000 na inshora tun daga Janairun 2023, amma yawancinmu don mu nuna wa ɗan sanda a shinge ne, ba mu ma san cewa takardar nan tana ɗaukar ɓarnar da muka yi wa dukiyar wani har ta naira miliyan 3 ba.

A nan kuwa diyya haƙƙi ce, kuma ba a jin nauyin nemanta. Doka ta ba wanda ya ji rauni shekara 3 ya shigar da ƙara, in ma direban ya gudu ko ba shi da inshora, akwai hukumar MIB ta kamfanonin inshorar mota, wadda aka kafa a 1946, da ke biya a madadinsa. An gyara motata ban fitar da ko sisi ba.

Amma fa sai da na gane kurena a hannun takardu. Tun daga 31 ga Mayun 2021 gwamnati ta yanka wa ciwon wuya farashi kamar hatsi: da aka fara, wanda bai wuce wata 3 ba fam 240 ne, wanda ya kai shekara 2 kuma fam 4,215. Likitan da aka tura ni wurinsa ya juya wuyana dama da hagu, ya tambayi daren da na yi ban runtsa ba, ya rubuta watannin da yake ganin zan warke, ko "Allah ya sawwaƙe" babu. Kuɗin magani da na tasi da albashin kwanakin da ban je aiki ba, kowanne sai da shaida a rubuce, ni kuwa da na saba da a yarda da maganata, na riga na zubar da rasidan tasi na mako biyu, kuma haka kuɗin suka bi ruwa.

Sauran sun shigo asusuna bayan wata bakwai. Waɗanda suka zo duba ni a duk tsawon jinyar mutum biyu ne, dukansu 'yan gida.