Garin bagaruwa da man darbejiya a kan mikin sirdi: sharhin mai doki

Abu biyu ne a leda ɗaya: ƙullin garin bagaruwa da 'yar kwalbar man darbejiya. A takardar da aka liƙa a jiki an rubuta wai haɗin yana kashe ƙwayoyin cuta, yana warkar da miki, gyambo, ƙaiƙayi, tari, har da ciwon cikin dawaki. A wurin wani mai sayar da kayan doki na saye shi a Zariya, kuɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Tun da fari zan faɗi ra'ayina: garin ya yi min aiki, man ya yi rabin aiki, takardar kuma ta yi ƙarya.

Duk mai doki ya san abin da ke biyo bayan hawan Sallah. Dabba ta wuni cikin rana da sirdi da jalala da kayan ado masu nauyi, gumi ya jiƙa komai, majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, yana ta gugar fata. Kilin dokin da muke hawa ya dawo da saɓa biyu, ɗaya a gadon baya inda sirdi ke zama, ɗaya a bayan ƙafar gaba inda majayi ya ci. Ta gadon bayan ce ta ɓaci. Gashin wurin ya tafi, naman ya yi jawur, bakinsa ya kumbura, yana tsatsafo da ruwa mai yauƙi, ƙudaje sun samu wurin biki. Ko hannu ka kai kusa sai ya lanƙwashe baya ya kwantar da kunnuwa.

Takardar cewa ta yi a barbaɗa garin kai tsaye. Dattijon da ke kula mana da barga ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, ba a zuba gari a kan datti. A wanke tukuna." Haka muka yi: ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, a wanke da tsumma mai tsabta. Sannan ya tafasa garin a ruwa, ya tace da ƙyalle, ruwan ya fito ja-ja kamar shayin da ya daɗe a wuta. Da shi ake dannawa safe da yamma. Sirdi kuwa aka rataye shi, ba hawa, ba kilisa.

Abin da na fara lura da shi shi ne ruwan mikin ya tsaya. Wurin ya bushe, jan ya ragu, bakin ya soma tsukewa, warin da ya fara tashi ya ɓace. Wannan bai ba ni mamaki ba, don bagaruwar nan ita ce majema ke jeme fata da ita tun kaka da kakanni. Sinadarin tanin da ke cikin kwanson 'ya'yanta yana kama nama ya ɗaure shi. An kuma gwada ruwanta a ɗakunan gwaji, an ga yana hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, har da Staphylococcus aureus, wadda ke cikin masu sa miki ya yi mugunya. Amma faranti a ɗakin gwaji daban, bayan doki daban. Ni dai na san wanki da hutu sun ɗauki kaso mai yawa na aikin, ban yarda a ba bagaruwa ladan duka ba.

Ingancin garin kansa sai a hankali. Ba a tankaɗe shi da kyau ba, na ga ɓarɓashin kwanso da 'yan tsakuwa a ciki. Wanda ya bi umarnin takardar ya barbaɗa shi haka, ƙasa ya zuba wa dokinsa a ciwo. Babu ranar haɗawa, babu ranar lalacewa, babu awo.

Man darbejiya kuwa, warinsa kaɗai ya isa labari, wani abu tsakanin tafarnuwa da gyaɗar da ta ɓaci, yana bin hannu har bayan sabulu. Ba mu sa shi a cikin mikin ba, kewaye muke shafawa. Ƙuda ya ragu sosai, kuma a barga wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ƙuda shi ke kawo tsutsa. Sai dai rana na ɗagawa ƙarfinsa ke tafiya, sai an sake. A wurin majayi, inda fata ke da laushi, ya sa shi susa, muka sirka da man kwakwa. In ka tambaye ni, maganin ƙuda ne, ba maganin ƙwayar cuta ba. Batun ɗura wa doki shi don tari ko ciwon ciki, ban yi ba, ba na kuma ba kowa shawarar ya yi.

Inda takardar ta fi ba ni haushi shi ne da ta haɗa kowane irin rauni a kwando ɗaya. Da likitan dabbobi ya zo duba dawakin, na nuna masa ledar. Ya karanta, ya ce, "Alhaji, a kan saɓar sirdi ba ni da ja. Amma ranar da ƙusa ta shiga kofato, ko kara ya soke shi, kada ka kusanci wannan garin." Dalilinsa a fili yake. Abin da ke sa bagaruwa ta yi kyau a miki na sama, wato busar da baki, shi ne haɗarinta a rauni mai zurfi: sama ya rufe, mugunya ta taru a ƙasa. Ƙwayar tetanus kuma tana zaune a ƙasa da kashin doki, ba ta son iska, rami rufaffe take nema. Doki yana cikin dabbobin da cutar ta fi saurin kayarwa. Sai ka ga ya sandare, wutsiya a ɗage, kunnuwa a tsaye, muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, kuma da yawa ba sa tashi. Babu ganyen da ke tsayawa a madadin allurar rigakafinta.

Ya ƙara min da wasu alamu da nake ganin ya kamata a ce suna jikin ledar. Zafin jikin doki lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. In ya haura, ko ya bar cin harawa, ko kumburi ya bazu, ko ya soma ɗingishi, magana ta wuce tukunyar bagaruwa. Haka ƙurajen nan da ke jeruwa a ƙafa ko ƙirji suna fashewa ɗaya bayan ɗaya: sau da yawa ba bakteriya ba ce ma, wata cuta ce ta dangin naman gwari, kuma tana bin kayan doki ta kama na kusa. Raunin ƙasan gwiwa shi ma ya ce a bi shi a hankali, don wurin yana saurin tsiro da nama fiye da kima in ana yawan damunsa da abubuwa masu zafi.

Kilin ya warke, gashi ya rufe wurin, mun kuma sa an gyara cikon sirdin, wanda shi ne ya jawo abin tun asali. Kwalbar man zan sake saye in damina ta kawo ƙuda. Garin kuwa ba zan ƙara ba da kuɗina a kansa ba: bagaruwa tana nan a kasuwa da kwansonta, zan saya in wanke, a daka min a gida a tankaɗe.