Na je sayen gawo na dawo da madobiya

Jiya da la'asar na hau kabu-kabu zuwa wata pepiniya, wurin renon 'ya'yan itatuwa, can bakin gulbi, niyyata in sayi gawo biyar in dasa a gonarmu ta hanyar Madarunfa. Mai wurin dattijo ne, ina faɗa mashi abin da ya kawo ni ya yi dariya ya ce "ɗana, wa ke sayen gawo a Maradi? koma gonarka ka duba kututture, ka bar tsiro biyu ko uku ka sassabe sauran." Sassaben zamani ke nan, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya faro nan yankinmu a 1983. Mai saidawa ya ƙi kuɗinka, wlh ban saba gani ba.

Sai ya ja ni bayan zana ya nuna mani madobiya, 'yan ledoji kaɗan. Ashe ita da gawo duk dangin wake ne a wurin masana tsirrai, Fabaceae, amma halinsu ya sha bamban. Gawo bai san fari ba, saiwarsa na nitsewa can ƙasa ta nemo ruwa, da damina ya kakkaɓe ganye hatsi ya samu rana a gindinsa, da rani ya yi kore shar awaki su yi ta tsintar 'ya'yan. Ita madobiya ta fi son kudu inda ruwan sama ya fi namu, da rani take zubar da ganye ta rufe da fure ruwan ɗorawa, in ka sare ta ruwa ja ke fitowa kamar jini. Katakonta ne ya ja mata, an yi ta lodinsa zuwa Sin ana kujeru da gadaje, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da ba a fitarwa waje sai da takarda na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da namun daji, 2018 kuma IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu, ta sa ta cikin masu haɗarin ƙarewa. Gawo kuwa ko a jikinsa.

Abin da bai mani daɗi ba, ba suna a jikin ledojin, in Baba bai nan yaran wurin sai kame-kame suke, wani ma ya miƙo mani bedi ya ce madobiya ce. Kuma guda cikin biyun da na saya saiwarta ta huda leda ta kama ƙasa, da aka cira ta katse. Baba ya ce in yi mata shinge saboda awaki in riƙa ba ta ruwa har damina, in ta mutu in dawo ya canza mani.