Zaɓen ƙarfen da za a ƙera fok ɗin keke a Jos

Fok, wato ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba, shi ne sashen keke da idan ya karye mahayi ba ya samun zarafin kare fuskarsa, balle a gangaren hanyoyin Jos, inda nauyin mutum ke komawa gaba da zarar ya matsa birki. Saboda haka arha ba ita ce ma'auni na farko ba wajen sayen bututun da za a ƙera shi.

Abin da aka fi samu a shagunan kayan gini shi ne bututun ruwa mai rufin zinki da kuma siririn bututun da ake yin kujeru da gadaje. Na farkon ya cika nauyi, kuma idan wutar walda ta taɓa zinkin yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi. Na biyun yana da ɗinki a tsawonsa, ƙarfensa mai laushi ne, yakan lanƙwashe idan taya ta faɗa rami. Alminiyom kuwa, duk da rashin nauyinsa, bai dace da aikin gida ba, domin nau'in 6061 da ake yin kekuna da shi yana raunana a wurin da aka yi walda, sai an sake gasa shi a tanderu na musamman ƙarfinsa yake dawowa.

Ƙarfen da maƙeran kekuna suka amince da shi shi ne kuromoli, wato ƙarfen da aka gauraya da sinadaran kuromiyom da molibdenom, mai lamba 4130, wanda ƙarfinsa ya kusa ninka na baƙin ƙarfe na gama-gari, shi ya sa kaurin milimita 1 yake isa ga ƙafar fok. Sabonsa sai an yi oda daga waje, kuma kuɗin dakonsa kan zarce kuɗin bututun. A ganina, hanyar da ta fi dacewa ita ce a nemi tsohon keken gwanjo wajen masu gyaran keke ko 'yan gwangwan na kasuwar Dilimi da ke Jos domin a ciri bututun daga gare shi, a duba tambarin da ke jikinsa. Rubutun Cr-Mo, wato kuromoli a taƙaice, ko Reynolds 531, wani nau'in bututun keke da aka fara yi a Ingila a 1935, alama ce ta ƙarfe mai kyau. Maganaɗisu yana tabbatar da cewa ba alminiyom ba ne, amma ba ya bambanta kuromoli da baƙin ƙarfe. Duk fok ɗin da tsatsa ta ci cikinsa, ko fentinsa ya tattare a ƙarƙashin mahaɗar ƙafafun, wanda shaida ce ta karo, a bar wa mai shi.

Kafin a biya kuɗi a auna wuyan keken da za a sa wa fok ɗin, domin bututun da ke shiga cikinsa yawanci milimita 25.4 ne a tsofaffin kekuna, 28.6 a sababbi, kuma tazarar ƙafafun a wurin ɗaura taya milimita 100 ce. Wannan bututu da mahaɗarsa ba a ƙirƙirarsu da abin da aka tsinta, a ciro su daga lafiyayyen fok.

Irin waldar da ake da ita ma tana shiga lissafi. Waldar lantarki ta ƙofofi da tagogi tana huda siririn bututu, don haka wanda ya sayi kuromoli ya tanadi kuɗin mai waldar gas da ya iya liƙi da tagulla, ko mai injin TIG, wato injin waldar lantarki mai aiki da iskar argon, ya kuma nemi a gwada masa a guntun bututu kafin a taɓa na aikin.