Littafin da na saya don cike gurbi shi ya hana ni barci

Littattafai huɗu na yi oda a lokaci guda, amma gaskiya saboda guda ɗaya na buɗe jakata. Babel na R. F. Kuang nake nema. Tun da ya fito a 2022 ake ta kambama shi, ya ci kyautar Nebula ta labaran ƙagen kimiyya da al'ajabi, duk wanda na sani mai karanta labaran tsafi da al'ajabi sai ya ce min, "Kai har yanzu ba ka karanta ba?" Sauran ukun rakiya suka yi masa: Project Hail Mary, da The Only Good Indians, da wani siriri mai suna Piranesi da na ƙara a ƙarshe don ƙunshin ya cika. Ko abin da aka rubuta a bayan bangonsa ban duba ba.

Da shi na fara saboda ƙanƙantarsa, na ce bari in kawar da shi kafin in zauna wa babban. Wallahi shafuka ashirin na farko sun kusa sa ni in ajiye. Wani mutum ne yake rubuta abin da ya gani kullum a cikin wani gida marar iyaka, zaure bayan zaure, kowanne cike da mutum-mutumin dutse. Hawan ƙasa teku ya cinye shi, na sama gajimare ne ke yawo a ciki, shi kuma yana zaune a na tsakiya tare da tsuntsaye. Yana lissafa zauruka da lamba, yana rubuta lokacin da ruwa zai ciko da lokacin da zai janye. A saninsa mutum goma sha biyar ne suka taɓa rayuwa a duniya: shi, da wani da yake kira Ɗayan, da matattu goma sha uku waɗanda yake kula da ƙasusuwansu, yana kai musu ziyara, yana yi musu magana don kada su ji kaɗaici. Na ce a raina wannan wane irin labari ne, ba faɗa, ba gudu, ba a ma gaya min inda muke ba.

Sai na zo wurin takalmi. Mutumin nan ya daɗe yana yawo a kan dutse mai sanyi ba takalmi, nasa sun ruɓe. Ɗayan kuwa, wanda suke haɗuwa Talata da Juma'a na awa guda, kullum fes yake zuwa cikin tufafi masu tsada, bai taɓa lura da ƙafar abokinsa ba sai ranar da yake son ya aike shi wani zaure mai nisa. Ranar ce ya kawo masa takalmi. Shi kuma bawan Allah, maimakon ya ji haushi, sai ya zauna ya jera duk abin da Ɗayan ya taɓa ba shi, barguna da ragar kamun kifi da ashana da ƙwayoyin bitamin, yana godiya, yana mamakin irin kirkin mutumin. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa daga ina ake samo ashana a gidan da babu komai sai dutse da ruwa ba. Ni da nake karatu na gane ana cutarsa, shi bai gane ba, marubuciyar kuma ba ta ce uffan ba. Na rufe littafin na ɗora a ƙirji, zuciyata na tafasa kamar ɗan'uwana aka yi wa. Na jima ban ji labari ya yi min haka ba.

Daga nan ban sake duba agogo ba sai da na ji gari ya fara motsi. Akwai inda wasu manyan tsuntsayen teku biyu suka sauka a zaure suna son yin sheƙa, ya ɗebo busasshiyar ciyawar teku da ya tara don hura wuta a lokacin sanyi ya ba su, alhali ya san shi zai sha sanyin. Irin wannan mutum ne. Don haka da ya fara karanta tsofaffin rubuce-rubucensa yana cin karo da sunaye da kalmomin da bai sani ba, da rubutun hannunsa, tsoro ya kama ni fiye da yadda littafin ban tsoro ke yi min. Ba zan faɗi abin da ya gano ba. Susanna Clarke ta fitar da shi a 2020, shekara 16 bayan littafinta na farko, ta kuma yi fama da doguwar jinya a tsakani. Ina ganin mutumin da ya daɗe a kwance a ɗaki shi zai iya rubuta kaɗaici haka. Sunan ma ba a banza aka zaɓe shi ba, na wani mai zane ne ɗan Italiya na ƙarni na 18 da ya shahara da zana kurkuku na ƙage masu matakala ba iyaka. A 2021 littafin ya ci babbar kyautar adabin mata ta Birtaniya, kuma ya cancanta.

To sai na ɗauki Babel da ɗoki. Tunanin da aka gina shi a kai ya burge ni ƙwarai. Ana rubuta kalma a sandar azurfa, a ɗaya gefen a rubuta fassararta da wani harshe, sai ɗan abin da ya zube a tsakanin harsunan biyu ya zama ƙarfin tsafi. Duk wanda yake rayuwa da harshe biyu ya san wannan gurbin, ya san kalmar da ake juyawa ta ƙi juyuwa. Daular Birtaniya da wannan azurfa take tafiya, don haka take kwaso yara daga ƙasashen da ta danne ta kai su Oxford. Robin, wanda aka ɗauko daga Kanton ta ƙasar Sin bayan kwalara ta kashe mahaifiyarsa, da abokinsa Ramy, Musulmi daga Kalkata, zaman da suka yi na farko a jami'a ya shiga raina. Har na fara cewa wannan ma zai kamo na farkon.

Ina! Marubuciyar ba ta yarda da mai karatu ba. Za a nuna maka zalunci ƙiri-ƙiri, sai wani ya tashi ya yi maka bayanin cewa zalunci ne, sai kuma a ƙasan shafi a sake maimaita maka. Ga alamar da ke kai ka ƙasan shafin ƙanƙanuwa, sau da yawa sai na gama shafi in ga bayani a ƙasa, in koma sama ina lalube inda aka sa ta. Shafi sama da 500 ana ja min kunne a kan abin da na riga na yarda da shi. Duk da haka ba zan ce kada a saya ba. Abin da ya sami Ramy ya taɓa ni, ƙarshen ma da ƙarfinsa.

Project Hail Mary na Andy Weir, wanda ya fito a 2021, daɗinsa ba wahala: malamin makaranta ya farka a jirgin sararin samaniya bai san sunansa ba, rana kuma tana dusashewa. Abotarsa da Rocky, halitta mai ƙafa biyar marar ido da ke magana da sautin kiɗa, ita ce littafin. Lissafin ya yi yawa a wasu wurare, na tsallake kaɗan. The Only Good Indians na Stephen Graham Jones kuwa, kada a karanta shi da dare. Abokai huɗu 'yan ƙabilar Blackfeet, cikin asalin mazauna Amurka, sun yi farauta a yankin da aka keɓe wa dattawa, suka kashe wata ƙatuwar barewa mai ciki, bayan shekara goma aka biyo su ramuwa. Wurin da Lewis yake kan tsani yana gyaran fitila, ya leƙo ƙasa ta tsakanin fikafikan fanka ya ga dabbar kwance a tsakar ɗakinsa, har yau in na ɗaga kai na ga fanka sai na tuna.

Amma Babel ne dai ke ci min rai, don shi na jira. Da na sake tunani sai na ga yabon da na yi masa a sama ya yi yawa. Letty, Baturiyar da ke cikin abokan Robin, tun daga farko an rubuta a goshinta abin da za ta yi, ba a bar ta ta zama mutum ba. Farfesa Lovell, wanda ya ɗauko Robin daga Kanton, mugu ne a shafin farko, mugu ne a na ƙarshe, ba wani lungu a zuciyarsa da za ka leƙa. Ɗayan na Piranesi bai taɓa ɗaga murya ba a wurin takalmin nan, kyauta ma ya bayar, amma na tsane shi fiye da duk azzaluman Babel a haɗe. Tauraro uku zan ba Babel, ɗaya daga ciki na Ramy ne. Piranesi biyar, ba ragi. Ƙanwata ta ɗauke shi mako biyu da suka wuce, na ce ta kira ni in ta kai wurin takalmi. Ta kira ƙarfe ɗaya na dare.