CT ko MRI: wanne ke gano abin da ya jawo shanyewar ɓarin jiki?

'Yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce ranar da bakinsa ya karkace an yi masa hoton ƙwaƙwalwa na CT ba a ga komai ba, yanzu kuma likita ya rubuta wani irin hoton da ake kira MRI, kina tambaya ko asarar kuɗi ce. Ba asara ba ce, aikinsu ne ya bambanta.

Ciwon nan iri biyu ne: ko jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. CT cikin 'yan mintuna yake nuna zubar jini, shi ya sa ake farawa da shi. Maganin da ke narkar da gudan jini, wanda ake bayarwa cikin awa 4 da rabi da fara ciwon, yana iya kashe wanda jijiyarsa ta fashe. Ko asfirin bai kamata a ba shi a gida ba kafin hoto. Kuma a wajenmu fashewar ba kaɗan ba ce: binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo zubar jini ne ya same su.

Matsalar CT, toshewa kan ɓuya masa a awannin farko, musamman idan ƙarama ce ko tana wajen ƙeya, inda ƙashi ke dagula hoton.

Nan MRI ya fi shi nesa ba kusa ba. Nau'insa da ake kira DWI yana nuna wurin da jini ya yanke wa tun mintunan farko, kuma yanayin tabon shi ne ke tona asiri. Ɗan tabo guda can ciki, ƙasa da milimita 15, yawanci aikin hawan jini ne ko ciwon suga. Idan tabo ya warwatsu dama da hagu, sai a zargi zuciya, a duba ko bugunta ya rikice tana harbo gudajin jini. Idan sun jeru a gefe ɗaya, babbar jijiyar wuya za a bincika. Kowanne da maganinsa, ba a yi musu kuɗin goro.

Sai dai fa MRI akwai tsada, ga ƙara, ga kwanciyar minti 20 zuwa 40 ba motsi, abin da ke wahalar da dattijon da hankalinsa bai dawo daidai ba. Maganaɗisu ne mai ƙarfi, don haka idan Baba yana da batirin zuciya ko wani ƙarfe a jikinsa, ki gaya musu tun kafin a shigar da shi ɗakin.