Sarƙar babur 428H: ta fi 428 juriya, amma da sharaɗi

Ga ɗan acaɓa ko mai ɗaukar buhuna a Boxer, 428H ta cancanci ƙarin kuɗinta. Tazarar gaɓoɓinta ɗaya ce da ta 428, milimita 12.7, don haka tana hawa sufoket (faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke juyawa a kai) iri ɗaya. Faffaɗan ƙarfen gefenta ne ya fi kauri, shi ya sa ba ta saurin saki.

Sai dai kada a ɗora ta kan tsohon sufoket. In haƙoransa sun yi tsini ko sun lanƙwashe, nan da nan za su cinye sabuwar sarƙa. A canza na gaba da na baya tare.

Wajen ɗauri, a bar mata wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Bakanike da yawa kan ɗaure ta tamau, wai don ta daina ƙara, alhali hakan ke kashe boris. Rufaffen bakin makullinta, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe mahaɗin sarƙar, ya fuskanci inda take juyawa, in ba haka ba yana iya fita ana cikin tafiya.

Aibinta ba ta da robar da ke riƙe mai, ƙurar hunturu kuwa ba ta raga mata. A wanke da kananzir, a ɗiga man giya 90 duk kilomita 500. Baƙin mai na tara yashi ne kawai.