Sharhi kan asibitin da ya ƙi rage wa Inna allurar ƙashi

Shekara biyu ke nan muna kai mahaifiyarmu wani asibiti mai zaman kansa a birnin Kano domin a yi mata allurar zaizayar ƙashi, kuma tun da labarin ya bazu a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim mutane suke tare ni, a ƙofar masallaci ko a makarantar firamaren da nake koyarwa, suna tambaya ko wurin ya cancanci wahalar hanya da kuɗin da ake kashewa. Amsar da nake ba su ita ce ya cancanta, amma akwai gyara, kuma abin da ya fi ɗaga darajar asibitin a idona shi ne wata buƙata tawa da suka ƙi biya mini har sau uku.

Inna ta haura shekara sittin da biyar lokacin da ta sunkuya za ta ɗauki tulu rabin ruwa ta ji bayanta ya amsa. Ba ta faɗi ba, ba wanda ya buge ta, amma ta yi kwana arba'in ba ta iya sallah a tsaye. Shekara uku kafin haka ta taɓa karya wuyan hannu a santsin bakin rijiya, maɗori ya ɗora ya warke, muka ɗauka magana ta ƙare. Hoton ƙashi da aka yi mata a Kano ya nuna gaɓoɓi biyu na ƙashin bayanta sun lotsa, likitan kuma ya yi mana bayanin cewa ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo, to idan mace ta daina al'ada sai rushewar ta fi ginin sauri, har cikin ƙashin ya zama kamar itacen da gara ta ci. Ya ce ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne maki -2.5 ko ƙasa da haka a na'urar auna kaurin ƙashi, amma tsohuwar da bayanta ya lotsa saboda ɗaukar tulu ba ta buƙatar wata shaida kafin a fara mata magani. Da ya tambayi magungunan da take sha na zazzage masa ledar da muka zo da ita, sai ya ware wasu ƙananan ƙwayoyi daga cikin haɗin ciwon gwiwa da ake sayo mata a kemis, ya ce prednisolone ne, kuma daɗewa ana shansa yana cin ƙashi. Wannan binciken leda shi ne abu na farko da ya kwantar mini da hankali, domin a duk yawon neman maganin da muka yi ba wanda ya taɓa neman ganin abin da take haɗiya.

Ba su yi mata allura a ranar ba. Sun ɗebi jini sun auna ƙoda da sinadarin kalsiyam da bitamin D, sannan suka tura mu wajen likitan haƙori. A lokacin na ji haushi, don na ɗauka hanyar ƙara cin kuɗi ce, sai da sakamako ya fito na gane cewa sakamakon jinin ne ya zaɓa mata magani. Da farko likitan ya yi niyyar ba ta Aclasta, wadda ake yi ta ƙarin ruwa, miligiram 5 sau ɗaya a shekara, ana barinta ta shiga jijiya a hankali cikin minti 15 ko fiye, kuma ga mutanen karkara irinmu babu abin da ya kai zuwa sau ɗaya a shekara sauƙi. Amma ba a ba da ita ga wanda ƙarfin tacewar ƙodarsa ya gaza 35, na Inna kuwa ya ɗan gaza hakan. Nan na yi roƙona na farko, na ce, “Likita, tun da ƙodar ba za ta ɗauki duka ba, me zai hana a ba ta rabi?” Ya ce, “Malam, wannan magani ba a rage shi saboda ƙoda, barinsa ake yi a nemi wani.” Wanda aka nema shi ne denosumab, wanda kamfanin Amgen yake sayarwa da sunan Prolia, aka kuma amince da shi a Amurka a shekarar 2010. Miligiram 60 ne a sirinji guda da aka riga aka cika, ana yinsa a ƙarƙashin fatar damtse ko cinya ko ciki, sau ɗaya duk wata shida, kuma da yake ba ta ƙoda jiki yake fitar da shi ba, ba a canza yawansa don ƙoda ta raunana. Na sake nuna masa cewa Inna 'yar ƙaramar mace ce marar nauyi, ya ce awon ɗaya ne ga mai jiki da siririya, ga mai shekara sittin da mai tamanin.

Mu a ƙauye mun saba da wani tsari dabam. Mutum yakan je kemis ya ce a ba shi magani na kuɗin da ke hannunsa, a yanko masa ƙwaya huɗu daga cikin goma, ko a yi masa allura biyu a maimakon biyar, idan ya ji sauƙi ya bari. Da wannan tunanin na shiga asibitin, kuma ina ganin yawancin masu tambayata da shi za su shiga.

Inda suka yi ta ƙarawa da ragewa shi ne wajen kalsiyam da bitamin D, kuma a nan ne na ga ƙwarewarsu sosai. Bitamin D na Inna ya fito ƙasa, abin da ya ba ni mamaki a ƙasar da rana take dukan mutum tun hantsi, sai likitan ya tuna mini cewa tun da ciwon ya kwantar da ita ba ta fita tsakar gida, kuma fatar tsoho ba ta sarrafa hasken rana kamar ta yaro. Suka ɗage allurar farko makonni, suka ɗora ta a kan bitamin mai ƙarfi har jinin ya daidaita, sannan suka sauko da ita zuwa na kullum. Dalilinsu shi ne denosumab yana hana ƙashi sakin kalsiyam cikin jini, saboda haka wanda nasa ya riga ya yi ƙasa, musamman mai raunin ƙoda, yana iya faɗawa cikin haɗari, har ma a watan Janairun 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a takardar maganin game da masu ciwon ƙoda da ya yi nisa, irin waɗanda ake yi wa wankin ƙoda. Takardar maganin ta ce a riƙa shan kalsiyam miligiram 1000 da bitamin D aƙalla awo 400 a kullum, su kuma suka raba mata kalsiyam ɗin gida biyu, tana sha tare da abinci. Malamar jinyar da ta yi allurar ta zaunar da Inna ta ce, “Hajiya, in kin ji leɓenki ko yatsunki suna yi miki kamar tafiyar kiyashi, ko jijiyar ƙafa tana ɗaurewa, kada ki yi shiru, ki sa a kira mu ko da tsakar dare ne.” Bayan kwana goma aka sake auna jinin. Da azumi ya zo ba su ce ta ajiye ƙwayoyin ba, sai suka mayar mata da su lokacin buɗa baki da sahur, suka kuma ja kunnenmu a kan ta sha ruwa sosai da dare saboda ƙodar.

Gwaji na gaske ya zo ne a allura ta biyu. Ta farko an yi ta a watan Nuwamba, bayan mun sayar da riɗi a kasuwar Gujungu, kuɗi yana hannu. Ta biyu ta faɗo a watan Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki da na huɗa suna jira. Inna ta warware, tana sallah a tsaye, tana zuwa barka da ta'aziyya, ita da kanta ta ce mini, “Ɗan nan, ku bar allurar nan sai kaka, ai na ji sauƙi.” Na buga waya na faɗa wa likitan haka, roƙona na biyu ke nan, ban taɓa jin muryarsa ta yi kauri irin ta ranar ba. Ya ce wannan maganin ba ya zama a cikin ƙashi kamar Aclasta, da zarar wata shida ya wuce ƙarfinsa yake janyewa, sai rushewar ƙashin ta dawo da gudu fiye da yadda take kafin a fara, kuma an ga mutanen da gaɓoɓin bayansu da dama suka karye cikin 'yan watanni bayan sun tsallake allura. Ya ce iyakar jinkirin da zai lamunta wata ɗaya ne, jira har kaka kuwa babban haɗari ne. Gaskiya ne ya faɗa mana haka tun ranar farko, har ya ce mu je mu yi shawara da 'yan'uwa kafin mu amince, domin wanda zai daina denosumab sai an ɗora shi a kan wani maganin da zai riƙe abin da aka samu, ƙodar Inna kuwa ta taƙaita zaɓin da ake da shi. Ni ne ban ba maganar nauyinta ba sai da kuɗi ya yanke. Muka sayar da tunkiya da 'ya'yanta biyu, ƙanena da ke aiki a Dutse ya cika sauran.

Roƙo na uku wani ɗan'uwanmu mai harkar magunguna ne ya kawo shi, da kyakkyawar niyya. Ya ce akwai Xgeva, sinadarin ɗaya ne, kamfanin ɗaya ne, miligiram 120 a kwalba, sai a raba biyu a yi shekara da ita. Mai kula da magunguna na asibitin ya karɓi maganar da natsuwa, ya ce sinadarin ɗaya ne ba shakka, amma ita Xgeva an tsara ta ne don masu ciwon daji da ya taɓa ƙashi, ana yi musu duk mako huɗu, kwalbarta ta amfani sau ɗaya ce, babu abin hana lalacewa a cikinta, don haka rabin da aka huda aka ajiye wata shida ba abin sa wa mutum a jiki ba ne. Ya ƙara da cewa maganin yana son sanyin firiji tsakanin awo 2 zuwa 8 a ma'aunin zafi na Salshiyas, ba a barinsa ya daskare, ba a girgiza shi, kuma kwalin da ya kwana a shago cikin zafin bazara da ya haura awo 40 yana iya zuwa da kyan gani alhali ya mutu. A gabana yake fito da nasu daga firiji mai aiki da hasken rana, ya nuna mini ranar ƙarewar aiki da lambar kwalin, ya rubuta su a katin Inna, sannan a bar sirinjin sanyinsa ya ragu kafin a yi.

Duk da haka akwai inda suka gaza, kuma gazawar ta taɓa ainihin abin da suke wa'azi a kai. Asibitin da ya san jinkiri haɗari ne bai kamata ya bar tuna ranar allura a wuyan iyalin da ke nesa ba, amma ko saƙon waya ba su taɓa turo mana ba. Mafi muni shi ne allura ta uku. Mun yi sammako, muka sauka a tashar 'Yankaba, muka ɗauki adaidaita sahu, Inna tana cije leɓe a duk ramin da aka faɗa, sai da muka isa aka ce maganin ya ƙare, ana jiransa daga Legas. Muka koma gida hannu rabbana, aka yi kusan mako uku kafin ya iso. Allah ya sa ba a wuce watan da likitan ya iyakance ba, amma kwanakin nan ban yi barcin kirki ba, kuma ba wanda ya ba mu haƙuri sai malamar jinyar, wadda ba laifinta ba ne. Tun daga lokacin nake kira wata guda kafin ranar, in biya rabin kuɗin a ajiye mana namu, in kuma ƙi tasowa sai an tabbatar mini yana cikin firiji. Ɗakin ganin likitan ƙashi a bene yake, tsofaffi masu ciwon baya suna hawa matakala ana riƙe da su, kujerun jira kuma na ƙarfe ne marasa majingina mai laushi. Takardar bayanin da suke bayarwa da Turanci take, Inna kuwa ajami take karantawa, sai ni na zauna na rubuta mata alamomin haɗarin a bayan katin. Da farko ma sun nace sai a wurinsu za a yi gwajin kalsiyam na bayan allura, wato tafiya ta biyu zuwa Kano saboda ɗigon jini, sai da na yi ta magiya suka yarda a yi a kusa da gida in tura musu hoton sakamakon ta WhatsApp.

Wanda mahaifiyarsa ta fara ranƙwafawa, ko tsawonta ya ragu, ko ta karye a faɗuwar da ba ta kai ta karya mutum ba, ina ba shi shawarar ya kai ta inda za a auna ƙoda da kalsiyam a duba haƙora kafin a taɓa ta da allura, ko wannan asibitin ko wani mai irin tsarinsa, ya kuma tafi da ledar magungunanta gaba ɗaya. Idan ƙodarta lafiya lau ce ya tambayi likita game da ta shekara-shekara ko ƙwayar alendronet ta mako-mako, domin sun fi dacewa da mai nisa da mai ƙaramin ƙarfi, ya kuma san cewa ta ƙarin ruwan takan kawo zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku a karon farko, kada a ɗauka cizon sauro ne a hau ba ta wasu magunguna. Idan kuwa denosumab aka zaɓa mata, to 'ya'ya su zauna tun kafin allurar farko su amince da wanda zai ɗauki nauyin ta bazara. Inna ta karɓi huɗu, ba ta sake karyewa ba, ta biyar tana nan tafe a watan Nuwamba, mun kuma ware kadada guda ta riɗi da sunanta tun da aka yi shuka.